Yadda Ake Haɗa Firam ɗin Hotuna na Zamani a Gida, Tun Daga Saye Har Kulawa

A yawancin gidajen Zariya hotunan iyali wuri biyu suke zama, kuma babu inda ake kallonsu a cikin biyun. Tsofaffin suna cikin albam a ƙasan akwati, sai an yi rasuwa ko wani baƙo ya zo daga nesa ake tunawa da su, sababbin kuwa suna cikin wayoyin 'ya'ya da jikoki, inda suke nutsewa cikin dubban hotuna har ranar da wayar za ta faɗa ruwa ko a sace ta a kasuwa. Firam ɗin hotuna na zamani allo ne mai aiki da wuta, girmansa kamar na littafin karatu, wanda ake zuba wa hotuna yana nuna su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an taɓa shi ba. Na saka wa mahaifiyata Hajiya guda a gidanmu na cikin birni, kusa da Ƙofar Doka, kuma abin da na gano shi ne kunna na'urar ba ya cin minti goma. Wahalar tana wajen wutar da za a ba ta da kuma hotunan da za a zuba mata, don haka a kansu zan fi tsayawa.

Zaɓen wanda za a saya

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda ba ruwansa da intanet, sai dai a soka masa memori ko filas, yawanci kuma yana zuwa da ɗan rimot. Akwai kuma mai Wi-Fi, wanda ake shafa fuskarsa kamar waya, ake kuma iya turo masa hoto daga ko'ina ta hanyar manhaja, wadda aka fi samu a kan masu sauƙin kuɗi ita ce Frameo. Idan iyalin duk suna nan tsakanin Tudun Wada da Samaru, na farkon ya wadatar kuma ya fi juriya. Idan kuwa akwai ɗa a Legas, 'ya tana aure a Abuja, wani yana karatu a Ingila, to na biyun ne zai biya buƙata, domin jaririn da aka haifa da safe kakarsa za ta iya ganinsa kafin azahar.

Game da girma, mai inci 8 ya dace da gefen gado, mai inci 10 shi ne daidai falo, mai inci 15 kuma sai a bango. Sai ka duba lambobin da ke nuna kaifin allon a jikin kwali: ga mai inci 10 kada ka yarda da abin da bai kai 1280 sau 800 ba, domin ƙasa da haka fuskokin mutane a hoton taro sukan dagule. Ka kuma nemi haruffan IPS. Wannan nau'in allo yana nuna hoto sosai ko daga gefe ko daga ƙasa aka kalle shi, abin da ke da muhimmanci a gidajenmu inda rabin masu kallo a kan darduma ko tabarma suke zaune, firam ɗin kuma yana can saman kabad. Allon da ba IPS ba, da zarar ka kalle shi daga ƙasa sai fuskoki su yi duhu.

Ko a shagunan kayan wuta na Sabon Gari ka same shi, ko daga Kano ko Kaduna aka kawo maka, kada ka biya sai an kunna a gabanka. Ka tafi da memorinka mai hotuna kaɗan, cikinsu har da farin hoto zalla da baƙi zalla, domin su ne ke tona asirin ɗigon da ya mutu a jikin allo. Idan ta intanet ka saya, ka yi wannan gwajin a ranar da aka kawo, tun lokacin mayarwa bai wuce ba.

Maganar wuta

Yawancin waɗannan firam ba su da batir a ciki, ana ɗauke wuta suke mutuwa. Kafin ka jona, ka karanta ƙananan rubutun da ke jikin cajarsa. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, saboda haka dole rubutun ya nuna cajar tana karɓar daga 100 zuwa 240. Wannan ya fi shafar wanda aka yo tsarabarsa daga Amurka, inda wutar gida take bolt 120, kuma bakin cajarsu ma ba ya shiga soket ɗinmu mai rami uku sai da ɗan mahaɗi. Rubutu na biyu shi ne ƙarfin da cajar ke fitarwa, galibi bolt 5, wasu manya kuma 12. Ka rubuta wannan lambar a takarda ka manna a bayan firam ɗin, domin ranar da cajar ta ɓata wani yaro zai ɗauko ta dikoda ya soka saboda bakinsu ɗaya, kuma idan mai 12 ta shiga na'ura mai 5, an gama.

Cajar farko ta firam ɗin Hajiya wata uku kawai ta yi. An dawo da wuta da ƙarfi wata rana da la'asar, muka ji ƙauri, na taɓa cajar na ji ta kamar an ciro ta daga murhu. Allah ya taimaka firam ɗin bai ƙone ba. Tun daga ranar ba na jona shi kai tsaye a bango, sai ta soket mai kare kaya daga hauhawar wuta, kuma duk lokacin da hadari ya haɗo da tsawa a damina ana zare shi gaba ɗaya. Haka ma idan za a tayar da janareto, a bari sai injin ya daidaita kafin a kunna.

Abin daɗin shi ne ba ya cin wuta. Mai inci 10 bai wuce cin ƙwan fitila guda na zamani ba. Gidan da ke da sola ko inbata ba zai ma ji nauyinsa ba. Wanda ba shi da su, idan firam ɗinsa mai bolt 5 ne, zai iya sayen igiya mai bakin USB a gefe guda da baki irin na firam ɗin a ɗaya gefen, ya jona da fawa bankin da ake cajin waya. Fawa banki mai ƙarfin mAh 10,000 yakan riƙe shi wajen awa huɗu, wanda ya isa yinin Sallah lokacin da baƙi ke shiga da fita.

Tattara hotuna

Ka fara da tsofaffin, domin su ne ba su da madadi. Ka fito da albam ɗin da hantsi, ka shimfiɗa farin ƙyalle a inuwar tsakar gida inda haske yake ko'ina amma rana ba ta dukan wurin, ka goge kowane hoto a hankali da busasshen ƙyalle mai laushi. Hoton da ya manne da ledar albam ko da gilashin tsohon firam, kada ka ɓamɓare shi, fuskar za ta biyo ledar. Ka ɗauke shi yadda yake. Ka kashe fitilar kyamarar waya, ka riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba, ka matso har hoton ya kusa cika allo, sannan ka ɗauka sau biyu ko uku ka zaɓi mafi kyau. Akwai manhajar PhotoScan ta Google wadda ke sa ka ɗauki hoton daga kusurwa huɗu ta haɗe su ta cire ƙyalli, tana da amfani sosai ga hotuna masu sheƙi.

Idan hotunan suna da yawa ko suna da daraja ta musamman, gara ka kai su shagon kwamfuta mai sikana, irin waɗanda suka cika bakin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo. Ka ce a yi maka a kan kaifin dpi 300, wato ma'aunin kaifin sikana, ƙananan hotuna irin na fasfo kuma a kan dpi 600, a ajiye su a matsayin JPEG, ba PDF ba, domin masu shagon sun saba da takardun ɗalibai, idan ba ka yi magana ba PDF za su ba ka kuma firam ba ya karanta shi. Ka tsaya a wurin har a gama, ka karɓi hotunanka a hannu, ka kuma sa a goge kwafin da ya rage a kwamfutarsu. Kada ka manta da bayan hoton. A bayan hoton auren iyayenmu na tarar da hatimin mai hoto da kwanan wata da rubutun hannun mahaifinmu da biro shuɗi, na ɗauki wannan ma na sa shi ya riƙa biyo bayan hoton, kuma shi ne abin da Hajiya ta fi daɗewa tana kallo.

Sababbin hotuna kuma daga 'yan'uwa za su fito. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, don haka ka roƙi kowa ya turo nasa a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, ba ta wurin hotuna ba. Masu iPhone suna da wata matsala ta daban: wayarsu tana ajiye hoto da tsarin HEIC, wanda yawancin firam ba sa ganewa idan ta memori aka zuba shi. Sai a mayar da shi JPEG a kwamfuta, ko mai wayar ya shiga saitin kyamara ya zaɓi tsarin da ya fi dacewa da sauran na'urori.

Tacewa

Nan ne aikin yake, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Albam sai an ɗauko an miƙa wa wanda aka ga dama, amma firam yana nuna abin da ke cikinsa ga duk wanda ya shigo, daga surukai har almajirin da ya kawo ruwa. Saboda haka tambayar farko ita ce a wane ɗaki za a ajiye shi. Wanda zai zauna a falon baƙi bai kamata ya ɗauki hoton matan gida ba mayafi ba, ko na kamu da sa lalle inda 'yan mata suka saki jiki a tsakaninsu; waɗannan na ɗakin uwargida ne. Kuma duk macen da hotonta zai shiga, a tambaye ta tukuna, haka ma matan ƙanne da na yayye, ko da kuwa hoton a rukunin iyali na WhatsApp aka same shi.

Ni na yi kuskuren zuba babban fayil guda na hotunan wani biki ba tare da na bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ranar da dangin amaryar ƙanena suka zo gaida Hajiya, ana cikin shan kunun zaƙi sai ga hoton matarsa ta farko, wadda suka rabu shekara uku da suka wuce, ya cika allo har tsawon minti guda. Babu wanda ya ce uffan. Bayan sun tafi Hajiya ta kira ni ta ce, "Kai dai ba ka jin magana, ai na ce ka kawo in gani kafin ka zuba." Tun daga nan tare muke zama, ina nuna mata a waya, tana cewa a sa ko a bari.

A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ka ƙirga. Idan 'ya'yan wannan ɗaki sun fito sau arba'in, na wancan sau goma sha biyu, to ka tabbata akwai mai lissafi ko da ba ta faɗa ba, kuma maigida ne zai sha tambaya a kan abin da bai san lokacin da aka yi ba. Hotunan mamata ma sai an yi shawara: wani ganinsu yana sa shi yi musu addu'a, wani kuma yana tayar masa da mikin da bai warke ba, musamman idan rasuwar ba ta daɗe ba. Wanda zai wuni da firam ɗin a ɗakinsa shi ke da ta cewa.

Kada yawa ya ruɗe ka. Hotuna 200 da aka tace sun fi 3,000 da aka juye, domin idan kowane hoto yana minti ɗaya, 200 ɗin ma sai sun ci fiye da awa uku kafin su zagayo. Daga hawan Sallah ka ɗauki uku ko huɗu masu kyau, ba sai ka sa duk dokin da ya wuce ta ƙofar fada ba.

Zubawa da saitawa

Ga mai amfani da memori, wanda bai wuce gig 32 ba ya fi aminci, domin firam da yawa ba sa karanta wanda ya fi haka, kuma suna son a yi masa fomat, wato a tsara shi, da tsarin da ake kira FAT32. Tsarawar tana share duk abin da ke ciki, don haka ka kwashe kayanka tukuna. Ka buɗe manyan fayiloli kaɗan masu sunaye a fili, kamar na falo da na ɗaki, ko na da da na yanzu, ka zuba hotunan, ka miƙar da waɗanda suka kwanta, ka yanke gefen da ba shi da amfani. Ka kashe firam ɗin kafin ka soka memorin, sannan ka kunna.

Mai Wi-Fi kuwa zai fara tambayar harshe, sai ka zaɓi Turanci tunda da wuya ka tarar da Hausa a jerin, sannan yankin lokaci, inda za ka nemi Legas. Daga nan sai intanet. Wi-Fi yana da zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, kuma yawancinsu zangon 2.4 kaɗai suke kamawa, don haka idan na'urar intanet ɗin gidanka ko wayar da kake raba data da ita tana kan 5, firam ɗin ba zai ma ga sunanta ba sai ka sauya. Bayan ya haɗu, ka sauke manhajar a wayarka, ka taɓa alamar ƙara mutum a jikin firam ɗin, zai ba ka wasu lambobi da za ka shigar a waya. Lambobin suna mutuwa bayan ɗan lokaci, saboda haka kowane ɗan'uwa sai a fitar masa da sababbi idan ya makara, kuma a tura masa shi kaɗai, kada a watsa su a rukunin da ke da mutum tamanin. Hoton da ya riga ya sauka yana zaune a cikin firam ɗin ko babu intanet, don haka a gidan da ba a da data kullum, ya isa wani ya kunna ta wayarsa na minti goma da yamma, abin da aka turo ya shigo.

Sai saitin nuni, wanda alamarsa take kama da haƙoran inji. Daga masana'anta sukan zo suna sauya hoto duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, abin da ke sa dattijo jiri kafin ya gane wanda yake kallo. Ka mayar da shi minti ɗaya. Ka kashe salon da hoto ke juyawa ko wargajewa kafin wani ya shigo, ka bar mai narkewa a hankali. Ka kunna gaurayawa domin kada kullum a fara da hoto guda. Akwai zaɓi tsakanin cika allo da nuna hoto dukkansa: na farkon yana yanke sama da ƙasa, kuma ɗaurin ɗankwali da hular zanna su ne farkon tafiya, don haka ga hotunan tsaye ka zaɓi na biyun ko da gefe zai rage fili. Ka sa masa lokacin barci, misali daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, ka kuma rage sautinsa gaba ɗaya, kada guntun bidiyon biki ya ɓarke da kiɗa ana tsakar karatu.

Inda za a ajiye shi

Kada ya fuskanci taga, hasken rana yana dusashe hoton, zafin watan Maris da Afrilu kuma yana gajarta ran allon. A nisanta shi da hayaƙin kicin da kaskon turaren wuta, domin hayaƙin yana barin maiƙo da ƙura ke mannewa a kai. A ɗora shi inda hannun yara ba ya kaiwa, a kuma bi da igiyarsa ta bayan kabad, domin mai rarrafe igiyar yake ja. Idan ana sallah a ɗakin, kada a sa shi a bangon alƙibla. Malamai sun yi maganganu mabambanta a kan ajiye hoto a gida, kowa kuma yana da wanda yake bi, amma abu mai haske da motsi a gaban mai sallah yana ɗauke hankali, wannan ba sai an tambaya ba.

Kulawa

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin komai a Zariya. A kashe firam ɗin, a fara kaɗe ƙurar da busasshen ƙyalle irin na goge tabarau kafin a shafa, domin dirzawa da ƙura a kai yana karce allon. Kada a fesa masa ruwa ko turare, kuma a toshe ramukan memori da filas da ɗan salatif idan ba a amfani da su. Idan za a yi tafiya, a zare shi a rufe da ƙyalle.

Firam wurin nuni ne kawai, memori kuma yana iya mutuwa ba sallama, don haka duk hoton da ke ciki ya kasance yana da kwafi a kwamfuta ko a filas na daban da ke hannun wani ɗan'uwa a wani gidan. Ni nakan sabunta na Hajiya bayan kowace Sallah, in cire wajen talatin in sa wasu talatin. Idan hotuna suka ƙi fitowa, yawanci ɗayan uku ne: memorin bai zauna daidai ba, ko tsarinsa ba FAT32 ba ne, ko hotunan ba JPEG ba ne. Idan kuma ka ga yana kwana a kunne yana barci da rana, agogonsa ne ya rikice bayan ɗauke wuta, sai a gyara lokacin. Ranar da za a kai shi wajen mai gyara, a zare memorin, a kwashe hotunan da ke cikin firam ɗin kansa a share su idan yana kunnuwa, haka ma idan za a sayar ko a bayar da shi kyauta.

Abu na ƙarshe shi ne koya wa mai ɗakin, kuma kada a cika mata bayani. Abu biyu na nuna wa Hajiya: maɓallin kashewa da ke baya, wanda na manna wa jan salatif domin ta same shi da lalube, da yadda za ta ja yatsa a kan allo ta dawo da hoton da ya wuce. Na biyun ta fi amfani da shi. Ranar da ƙanwata ta turo hoton jaririnta daga Abuja, sau huɗu Hajiya tana dawo da shi, sannan ta ce a kira mata Inna ta maƙwabta ta zo ta ga goshin Malam.